Hatimin Hukuma Da Ran Talaka: Tambaya Daga Gaya Da Ajingi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kemis a Gaya ko Kademi, ko ya ratsa wata kasuwar ƙauye a ƙasar Ajingi ranar da take ci, ya san tambayar nan da mai saye kan yi in ya ɗan taɓa boko: "Akwai lambar NAFDAC a jiki?" Da zarar mai kanti ya juya kwalbar ya nuna masa waɗansu 'yan baƙaƙe da alƙaluma, shi ke nan hankali ya kwanta, a biya kuɗi, a kai gida, a ɗura wa yaro. Wanda bai yi boko ba kuwa ko wannan tambayar ba ya yi. Launin kwali yake dubawa, ya ce a ba shi kafso ja da rawaya irin wanda maƙwabcinsa ya sha ya ji sauƙi. Dukansu biyu sun ɗora ransu bisa zaton cewa akwai wani babba a wani wuri wanda ya duba abin nan kafin ya iso hannunsu. Tambayarmu a yau ita ce, shin wannan zato yana da tushe? Shin za mu iya amincewa da hukumomin da gwamnati ta ɗora wa alhakin tsare abincinmu da magungunanmu?

Ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. Ra'ayinmu shi ne, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, ta cancanci amana gwargwadon inda idonta yake kaiwa, alhali kuwa idon nata bai cika kaiwa Gaya da Ajingi ba. Saboda haka sakin jiki da hatiminta kaɗai ganganci ne, juya mata baya ɗungurungum kuma ya fi shi haɗari. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu jawo ta zuwa ƙofar gidajenmu, mu tilasta mata ta riƙa nuna mana aikinta a fili, cikin harshen da iyayenmu suke ji. Bari mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai ya kyautu mu san asalin hukumar. A shekarar 1990 yara 109 suka rasa rayukansu a Jos da Ibadan bayan an ba su farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol. Wannan sinadari na masana'antu ne, yana da ɗan zaƙi, yana kama da ruwan da ake narkar da magani a ciki, ya kuma fi shi araha, amma in ya shiga jikin yaro sai ya kashe ƙoda, fitsari ya ɗauke, rai ya yi halinsa. Wannan musiba tana cikin abubuwan da suka sa gwamnatin soja ta kafa NAFDAC da Doka ta 15 ta shekarar 1993, hukumar kuma ta fara aiki a 1994. Watau tun haihuwarta, hukumar 'yar ihu bayan hari ce. Wannan ba laifinta ba ne, domin kuwa haka takwarorinta na duniya suka faro. A Amurka ma sai da wannan sinadari ya kashe mutum fiye da 100 a 1937 sannan aka yi dokar 1938 wadda ta tilasta a tabbatar da cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar da shi.

Yabon gwani ya zama dole. A shekarar 2001 aka naɗa Dora Akunyili shugabar hukumar, mace wadda 'yar'uwarta ta rasu a 1988 sakamakon jabun insulin. A zamaninta ne sunan NAFDAC ya shiga bakin talaka. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta hana masu gidajen burodi zuba sinadarin buromet mai kumbura burodi, ta rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha a 2007. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa jabun magani ya ragu daga kimanin kashi 40 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 17 a cikin 'yan shekaru. Ba a bar ta ta sha da daɗi ba: a watan Disamba na 2003 aka buɗe wa motarta wuta a Jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta, a 2004 kuma wuta ta cinye waɗansu gine-ginen hukumar a Legas da Kaduna. Bayanta, a 2010, aka fito da dabarar nan ta kankare wani ɗan fili a jikin kwalin magani a aika lambar ta saƙon waya, a sami amsa ko na gaske ne. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsarin kula da magunguna na Nijeriya a mataki na 3 cikin matakai 4 na ƙwarewa, matsayin da ƙasashen Afirka ƙalilan ne suka kai. Duk wanda ya ce hukumar ba ta tsinana kome ba, ya yi mata ƙazafi.

To, amma gaskiya ɗaci gare ta, mu Kanawa kuwa mun ɗanɗana ta fiye da kowa. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutane kimanin 12,000 a ƙasar nan. Ana tsakiyar wannan tashin hankali sai kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana na Kano, ya ɗauki yara 200, ya ba kimanin rabinsu wani sabon magani mai suna Trovan wanda ba a riga an amince da shi ba, sauran kuma aka ba su wani sanannen magani domin a gwada su. Yara 11 suka rasu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ya sami izinin hukumomin Nijeriya. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gama bincike a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma sai aka danne rahoton, jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006, lokacin da jaridar Washington Post ta bankaɗo shi. Ya kuma bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75.

Mu lura da abu biyu a wannan labari. Na ɗaya, a lokacin da ake gwajin hukumar tana nan da ranta, shekara biyu da fara aiki, amma ba ta zama katanga tsakanin yaran Kano da allurar baƙi ba. Na biyu, wanda ya fi ciwo, gwamnatinmu ta san gaskiya tun 2001 ta ɓoye ta, sai da jaridar ƙasar waje ta gaya mana. Wanda ya ɓoye maka sakamakon binciken mutuwar ɗanka, da wane ido zai dube ka gobe ya ce ka yarda da shi?

Ba a nan abin ya tsaya ba. A ƙarshen shekarar 2008 likitoci a Legas da Zariya suka fara ganin jarirai ana kawo su fitsari ya ɗauke. Da aka bi diddigi sai aka tarar da maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda wani kamfani mai lasisi ya haɗa a Legas, an kuma gurɓata shi da dayetilin gilaikol, gubar nan dai ta 1990 wadda saboda ita aka kafa hukumar. Yara aƙalla 84 suka mutu. Maganin yana da rajista. Uwar da ta duba kwalba ta ga lamba ta yi duk abin da aka ce ta yi, amma ta binne ɗanta. Sai a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Darasin da ke nan shi ne, lambar rajista shaida ce cewa an taɓa duba samfurin da aka kai ofis a wata rana. Ba ta nufin an duba kwalbar da ke hannunka a yau. Balle kuma mai buga jabun kwali ba ya jin kunyar buga jabun lamba.

Sannan ga abin da ya faru da tashoshin jiragen ruwa. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta janye ma'aikatan NAFDAC daga tashoshin, da sunan rage cunkoso, ba a mayar da su ba sai 2018. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin waɗannan shekaru ne taramadol mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ya malale ƙasar nan, har ya zama abin da ɗan ƙodago ke haɗiya kafin ya shiga gona, ɗan acaɓa kafin ya hau babur. Maganin tari mai kodin kuma ya shiga ɗakunan matan aure da makarantun 'yan mata. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, jihohin da Gaya da Ajingi suke zaune a kan iyakarsu. Kowa ya sani, amma ba a hana ba sai da sashen binciken BBC ya fitar da fim a ƙarshen Afrilu na 2018. Kashegari gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Ashe ikon hanawa yana nan tun da can, kunyar idon duniya ce ba ta zo ba.

Na baya-bayan nan da ba za mu manta ba shi ne na watan Maris na 2021, gab da azumi, lokacin da mutane a Kano suka yi ta kwarara asibiti suna amai, suna fitsarin jini, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da abin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta. Binciken NAFDAC ya gano cewa akwai sinadari mai guba na masana'antu da aka riƙa sayarwa a matsayin ɗan tsami, akwai kuma garin lemo da wa'adinsa ya ƙare. An kama mutane, an kwashe kaya. Amma buhunan nan sun shigo gari, sun zauna a rumbunan 'yan kasuwa, an ƙulla su a leda an rarraba, ba wanda ya tare su sai da gawa ta fara fita.

Wani zai ce, tun da haka ne, me ya rage? A watsar da maganar hukuma, kowa ya yi ta kansa. A nan ne muke jan kunnen kanmu, domin mun taɓa bin wannan hanya mun ga ƙarshenta. A shekarar 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da allurar rigakafin shan inna a Jihar Kano, bisa zargin cewa an gurɓata ta da abin hana haihuwa. Jama'a da yawa sun gaskata zargin, tabon Trovan kuwa yana cikin abin da ya sa suka gaskata, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba a koma yin rigakafin ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo ruwan maganin daga Indunisiya. A tsakanin nan cutar ta sami sarari. Yaran da ta kama a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,000 a 2006, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 waɗanda da sun rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali, kuma wannan rigakafin da aka guje wa shi ne ya kawo nasarar. Yau a garuruwanmu akwai samari sa'o'inmu da suke jan jiki a kan keken guragu saboda waccan shekara. Kamfani ya yi laifi, gwamnati ta ɓoye rahoto, aka huce haushin kaza a kan dami, damin kuwa 'ya'yan talakawa ne.

Kada kuma mu ɗauka cewa rauni na hukumarmu ne ita kaɗai, har mu riƙa ganin duk abin da ya fito daga waje tsarkakakke ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Trovan ga manya a 1997, sannan ta dawo ta taƙaita shi a 1999 da aka ga yana lalata hanta. A Gambiya, a 2022, yara kimanin 70 suka mutu saboda maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya ɗauke da irin gubar My Pikin. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, a annobar sanƙarau ta 1995, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar jabun rigakafi, wanda ya shiga cikin kayan gudummawar da aka kai daga Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Babu hukumar da ba ta kuskure. Bambancin da ke tsakanin mai kyau da maras kyau shi ne saurin ganowa, da faɗin gaskiya ga jama'a, da hukunta mai laifi.

To, yanzu mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, wadda ta hau kujera a 2017, ta faɗa da bakinta cewa ma'aikatanta kimanin 2,000 ne. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774 da mutane fiye da miliyan 200. Ko da za a kwashe ma'aikatan nan kaf, har da masu gadi da direbobi, a raba su daidai, kowace ƙaramar hukuma ba za ta sami mutum uku ba. Ofishin jiha yana cikin birnin Kano, yana fama da ƙananan hukumomi 44. Daga Gaya zuwa can tafiyar kilomita 60 ce da ɗoriya ta hanyar Wudil, daga Toranke ko Gafasa ko Balare kuwa ta fi haka. Matar da ta ga maganin da aka sayo mata ya canza launi, ina za ta kai kuka? Da wane kuɗin mota? Gargaɗin da hukumar ke fitarwa a kan gurɓataccen magani galibi da Turanci yake fitowa, a intanet, inda mai kemis na ƙauye ba ya leƙawa, balle manomi.

Gaskiya ne a 2024 an yi babban yunƙuri a birni, inda NAFDAC da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari, bayan kotu ta ba da umarnin a koma sabuwar kasuwar sari ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. Wannan mataki ne mai kyau, domin daga Sabon Gari ne masu kemis ɗinmu suka daɗe suna saro kaya, in an tsabtace mafarin rafi, na ƙasa ma za su sha ruwa mai kyau. Amma daga Dangwauro zuwa bakin majinyaci akwai sauran tafiya. Akwai kwalin da ke kwana a bayan mota cikin zafin bazara, akwai shagon kwano da ke tafasa da rana, akwai mai talla da faranti a ka ko lasifika a kan babur, wanda yake sayar da ƙwaya ɗai-ɗai ba kwali, ba suna, ba kwanan wata. Magani na gaske ma in ya sha rana ƙarfinsa raguwa yake yi. Wannan sashe na tafiyar ba mai gadi a kansa.

Abinci kuwa lamarinsa ya fi haka girma, domin yawancin abin da mutanen Gaya da Ajingi suke ci ba ya zuwa cikin kwali balle a buga masa lamba. Gero ne da dawa da wake da gyaɗa daga gonakinmu, da man ƙuli, da nono, da naman mahauta. Mu ɗauki wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an sami maganin ƙwari mai suna daikulobos a jikinsa, wani ma ya ninka iyakar da aka yarda da ita sau ɗaruruwa. Wannan sinadari shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya, waɗanda waɗansu 'yan kasuwa da manoma ke yayyafa wa wake don kada ƙwaro ya ci. Turawa sun auna sun ce ba sa so. Waken da suka ƙi bai ɓace ba, mu ne muke cin irinsa da shinkafa, mu yi ƙosai da alala, ba wanda ya auna mana. Haka kuma gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda likitoci suka tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta da tsumburewar yara. Ba ta kisa nan take, shi ya sa ba ta shiga labarai.

A nan dole mu yarda cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya zuba fiya-fiya a wake ba daga Abuja ya zo ba. Ɗan garinmu ne, muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Wanda ke neman magani mafi araha ko da ya san akwai lauje cikin naɗi, talauci ne ya tura shi, amma araha ba ta ado. Masu kemis kuwa ba abokan gaba ba ne. A ƙauyukan da babu likita, asibitin sha-ka-tafi kuma ba magani, su ne kaɗai ƙofar da ke buɗe da tsakar dare. Duk gyaran da zai zo da kulle shaguna kawai, ba tare da horo da hanyar samun kaya nagari ba, zai mayar da cinikin ne cikin ɗaki, inda ba ido ko ɗaya.

Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda yake shiga gida-gida ya leƙa randa da masai, ya je mahauta ya duba nama kafin a sayar. Ba mu ce zamanin nan ba shi da zalunci ba, domin an sha kuka da cin hanci da cin mutuncin waɗansu daga cikinsu. Amma akwai abin da suka fi hukumomin yau da shi: an san fuskarsu, an san ranar zuwansu, an san wurin da za a kai ƙararsu. Har yau ƙananan hukumomi suna da ma'aikatan tsabtar muhalli a sashen lafiya, magada wannan aiki, sai dai yawancinsu ba kayan aiki, ba abin hawa, ba wata igiya da ta haɗa su da NAFDAC.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa kamar haka. Na ɗaya, NAFDAC ta ƙulla aiki da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, ta horar da ma'aikatan tsabtar muhalli da na lafiya a matakin farko, su riƙa ɗaukar samfurin magani da na hatsi daga kasuwanni a kai a kai ana aikawa ɗakin gwaje-gwaje. Na biyu, a riƙa bayyana sakamakon, mai daɗi da maras daɗi, da Hausa, a rediyo, a kuma liƙa shi a Babban Asibitin Gaya da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da boko da ajami. Na uku, duk gargaɗin janye wani magani ya isa ga ƙungiyar masu kemis da limamai da masu unguwanni cikin kwana biyu. Masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa da na pawa waɗanda saƙo ke ratsawa ta hannunsu cikin yini guda. A yi amfani da su. Na huɗu, Majalisar Tarayya ta gyara dokar jabun magunguna ta 1999, wadda ta ba alƙali damar yanke tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba a madadin ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Ga mai shigo da kwantena, wannan kuɗin cefane ne. Na biyar, ma'aikatan gona su yaɗa buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska ba tare da ɗigon magani ba, gwamnati kuma ta sauƙaƙa farashinsa lokacin kaka.

Mu ɗalibai fa, mene ne namu? Da kuɗin gero da waken iyayenmu aka kawo mu jami'a, bai kamata mu koma gida da hutu mu zauna a majalisa muna gardamar ƙwallo ba. A cikinmu akwai masu karatun harhaɗa magunguna, da likitanci, da aikin gona, da kimiyyar sinadarai, da aikin jarida. Ƙungiyoyin ɗaliban Gaya da Ajingi suna iya ware 'yan kwanaki a kowane dogon hutu su zaga kasuwanni da makarantun Islamiyya na matan aure, su koya wa mutane duba ranar ƙarewar wa'adi, da kankare lambar nan a aika ta waya, da ƙin sayen ƙwayar da ba ta cikin kwalinta, da ajiye kwalbar duk maganin da ya jawo matsala domin ta zama shaida. Muna iya fassara gargaɗin hukumar mu yaɗa shi a wayoyin 'yan'uwanmu a ranar da ya fito. Muna iya rubuta wa ofishin Kano takarda da sunan ƙungiya mu tambaya: sau nawa kuka zo Ajingi a bara, samfur nawa kuka ɗauka, me kuka samu? In sun amsa, mun ƙaru. In sun yi shiru, mu sake rubutawa, mu aika wa 'yan majalisarmu da gidajen rediyo kwafe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amana a wurin Bahaushe ba a bayar da ita saboda takarda. Ana ba da ita ga wanda aka zauna da shi, aka ga fitarsa da shigarsa, aka jarraba shi a ƙaramin abu kafin babba. Haka za mu yi wa hukuma. In ta ce kada a sha wani magani, mu bi maganarta nan take, domin ba ta cika yin irin wannan gargaɗi a banza ba. In ta ce a kai yara rigakafi, mu kai su. Amma in an nuna mana lamba a jikin kwalba aka ce mu rufe ido, mu tuna da yara 84 na 2008, mu buɗe idon da kyau. Ranar da mutumin Kunkurawa zai san sunan jami'in da ke duba kasuwarsu, ya kuma ji sakamakon gwajin wakensa a rediyo da harshensa, ranar ce za mu ce masa ya saki jiki. Kafin ta zo, rigakafi ya fi magani.

Allah ya ji ƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya, ya ba iyayensu haƙuri, ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da ke wuyansu, amin.